Clara Schumann: an tauye ta ne, ko kuwa sana'ar da ta zaɓa ta yi?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. A makon jiya Dokta Sa'adatu ta sa sunan Clara Schumann a cikin jerin matan da ta ce aure da al'adar zamaninsu sun binne basirarsu, amma da yake hirar ta karkata zuwa wani batu kafin in tanka, na ga ya fi dacewa in buɗe wa maganar fage nata na daban. Ga wanda bai san ta ba, Bajamushiya ce, an haife ta a birnin Leipzig ranar 13 ga Satumba 1819, ta rasu a Frankfurt ranar 20 ga Mayu 1896. Tana da shekara 9 ta fara kaɗa fiyano a gaban jama'a, a zauren Gewandhaus na garinsu a 1828, kuma ba ta yi sallama da dandamali ba sai a watan Maris na 1891. Daga 1878 zuwa 1892 kuma ita ce babbar malamar fiyano a makarantar koyon kiɗa ta Hoch da ke Frankfurt.

Abin da nake so mu tattauna shi ne tausayin da ake yawan nuna mata a yau, cewa da ba ta auri mai tsara kiɗa Robert Schumann ba, da ta zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa na Jamus. A ganina wannan tausayi yana rage mata daraja ba tare da masu yin sa sun lura ba, domin yana ɗauka cewa wanda ya rubuta kiɗa a takarda shi ne mai aiki, shi kuwa wanda ya kaɗa shi a gaban mutane ko ya koyar da shi ɗan aike ne kawai. Matar da ta shafe sama da shekara 60 tana cika zaure tun daga Faris har zuwa Rasha, wadda ta sauya irin kiɗan da mutane suke biyan kuɗi su saurara, wadda kuma ɗalibanta suka kai hanyarta Landan da New York, ba za a ce an binne ta ba. Ina sauraron Dokta.

Dokta Sa'adatu:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Na gode da ka dawo da maganar, kuma ina nan a kan bakana. Kafin a ce mutum ya zaɓi sana'a, sai a duba ko an taɓa nuna masa wata hanyar. Mahaifinta, Friedrich Wieck, malamin fiyano ne kuma dillalinsa, kuma tun kafin bakin yarinyar ya buɗe, domin ta wuce shekara 4 ba ta fara magana ba, ya riga ya ƙudura cewa da ita zai nuna wa duniya ingancin hanyarsa ta koyarwa. Da aurensa da mahaifiyarta Marianne ya mutu, dokar ƙasarsu ta ba shi riƙon yarinyar tana da shekara 5. Kullum sai ta zauna darasin awa ɗaya a gabansa, ta yi awa biyu tana maimaitawa, sannan a fita da ita doguwar tafiya a ƙasa don jikinta ya yi ƙwari. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne littafin da ake rubuta al'amuranta na yau da kullum, wanda shi yake rubutawa da hannunsa amma da bakinta, yana cewa "ni" a madadinta, har da wuraren da wai ita ce take zargin kanta da lalaci da taurin kai. Kuɗin da take samu a tafiye-tafiye kuma a aljihunsa suke kwana.

Duk da haka yarinyar ta nuna tana da abin faɗa na kanta. Tana da shekara 13 ta soma tsara babban kiɗa na fiyano tare da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, aka gabatar da shi a Leipzig a 1835 tana da shekara 16, ita a kan fiyano, Felix Mendelssohn yana jagorantar makaɗan. A 1846, tana da ƙananan yara huɗu a gabanta, ta tsara kiɗan mutum uku, na fiyano da goge da babban goge, wanda har yau ake kaɗawa. Amma a gidan aurensu na farko bangon ɗakuna ba shi da kauri, saboda haka duk lokacin da maigida yake tsara kiɗa dole fiyanonta ya yi shiru, kuma ta koka da wannan a littafin da suke rubutawa tare. Ta haifi 'ya'ya 8 tsakanin 1841 da 1854. Bayan rasuwar Robert a 1856 kusan ba ta sake tsara komai ba, alhali ta rayu shekara 40 a bayansa. Idan wannan ba tauyewa ba ce, Malam, sai ka gaya mini sunanta.

Barista Kabiru:
Da izinin Malam da Dokta, zan sa baki a wuri ɗaya, domin siffar yarinyar da ake juyawa yadda aka ga dama ba ta dace da abin da ya faru a kotu ba. Robert Schumann ɗalibin Wieck ne, ya girme Clara da shekara 9, har ya zauna a gidansu daga 1830, kuma shi ma makaɗin dandamali ya so zama kafin yatsun hannunsa na dama su samu matsala. Da suka yi alkawarin aure a ɓoye a 1837, Wieck ya yi tsalle ya dire ya ce ba da shi ba, yana kafa hujja da cewa saurayin ba shi da tabbatacciyar hanyar ciyar da iyali, daga baya ma ya zarge shi da shaye-shaye. Clara ce, tana 'yar shekara 19, ta tafi Faris a 1839 ba tare da mahaifinta ba, ta shirya wa kanta wasanni, kuma daga can ta sa hannu a takardar da ta ba Robert damar kai maganar gaban kotu. Kotu ta ba su gaskiya a 1840, aka ɗaura aure ranar 12 ga Satumba a ƙauyen Schönefeld, saura kwana ɗaya ta cika shekara 21. Wieck ya kasa kawo hujja kan zargin shaye-shayen, kuma da Robert ya maka shi a kotu kan ɓata suna, tsohon ne ya sha ƙasa. Sai a 1843 suka shirya.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta fikihu, inda alƙali yake da ikon shiga tsakani idan waliyyi ya hana 'yarsa auren tsaranta ba bisa dalili karɓaɓɓe ba. Abin da nake so a lura da shi dai, wadda ta iya tunkarar irin wannan uba ta yi nasara ba mace ce da ake turawa inda ba ta so ba.

Zainabu:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce, da ƙaramin fiyano mai aiki da lantarki nake koyo, saboda haka ku yi mini uzuri idan tambayata ta yi ƙasa. Malam ya ce ta sauya irin kiɗan da ake zuwa saurare, ni kuma a zatona tun asali kiɗan manyan masu tsarawa irin su Beethoven da Bach ake kaɗawa a irin waɗannan tarurruka. To mene ne ake kaɗawa kafin ita?

Malam Nasiru:
Tambayarki ta zo a kan gaɓa, Zainabu. A shekarun 1830 taron kiɗa a Turai haɗin gambiza ne. Mawaƙiya za ta fito ta rera nata, ƙungiyar makaɗa ta yi nata, sannan makaɗin fiyano ya ɗauko wani karin waƙa da kowa ya sani daga opera, wato wasan kwaikwayo da ake yi cikin waƙa, ya yi ta juya shi da saurin yatsu har jama'a su miƙe tsaye. Irin kiɗan Henri Herz da Kalkbrenner ke nan, waɗanda a yau masu bincike kaɗai suke tunawa da su, kuma da irinsu Clara ta fara tana yarinya. Sannan al'adar lokacin ita ce duk makaɗin da ya amsa sunansa dole ya zo da wani abu da ya tsara da kansa, kuma wannan ne dalilin da ya sa Wieck ya sa aka koya mata tsara kiɗa tun farko. Ina roƙon Dokta ta riƙe wannan, domin yana nuna cewa tsara kiɗan ma wani ɓangare ne na shirin uban, ba abin da aka hana ta ba.

A hankali ta riƙa ajiye waɗancan tana maye gurbinsu da Bach da Beethoven da Chopin da Mendelssohn. A lokacin sanyin 1837 zuwa 1838 ta je Biyana, babban birnin Ostiriya, inda Beethoven ya rasu a 1827, ta kaɗa dogon kiɗansa na fiyano da ake kira Appassionata, irin kiɗan da ba a saba kawowa taron jama'a ba a lokacin. Marubuci Franz Grillparzer ya yi mata waƙa a kan wannan, fadar sarkin Ostiriya kuma ta naɗa ta makaɗiyar fada, ga ta baƙuwa, ga ta 'yar shekara 18, ga ta kuma ba 'yar ɗarikar Katolika ba. Tana cikin na farko da suka mayar da kaɗawa da ka al'ada, ba tare da takarda a gabansu ba. Takardun jerin kiɗan wasanninta da aka adana sun kai kimanin 1,300, kuma duk wanda ya bi su a jere zai ga yadda taron nuna bajintar yatsu ya rikiɗe ya zama irin wanda ake yi a yau, inda makaɗi yake ɓoye kansa ya fito da abin da mai tsarawa ya nufa. A nan ne ma ta raba gari da shahararren makaɗin fiyano Franz Liszt, wanda ta yaba wa tana budurwa, daga baya kuma ta ƙi jinin salonsa.

Game da mijin nata kuwa, a zamaninsa ana ganin kiɗansa mai wuyar fahimta ne, ga shi hannunsa ya hana shi hawa dandamali ya kare kansa. Ita ce ta fara gabatar da babban kiɗansa na fiyano da ƙungiyar makaɗa a Dresden a watan Disamba na 1845, kuma ita ce ta yi ta kai ayyukansa gari-gari har kunnen jama'a ya saba da su. Rubutaccen kiɗa kamar yadi ne da aka yanka ba a ɗinka ba, sai ya faɗa hannun telan da ya iya kafin a san ko zai zauna a jiki.

Hajiya Bilki:
Ku gafarce ni, malamai, tun ɗazu nake bin maganarku amma har yanzu ban ji wanda ya tambayi abin da ake ɗorawa a murhu a gidan ba. Ni da Allah ya ƙaddara mini riƙon marayu, da wannan idon nake karanta labarinta. A watan Fabrairu na 1854 ciwon ƙwaƙwalwa ya ci ƙarfin Robert har ya faɗa kogin Rhine a Düsseldorf, masu kwale-kwale suka tsamo shi, aka kai shi gidan jinya a Endenich kusa da Bonn. A lokacin tana ɗauke da cikin autanta Felix, wanda ta haifa a watan Yuni, yaron da bai taɓa ganin ubansa ba. Likitoci suka hana ta ganin mijinta sama da shekara biyu, ba ta sa shi a ido ba sai ana saura kwana biyu ya cika; ya rasu ranar 29 ga Yuli 1856. Ga ta da shekara 36, ga yara bakwai, babbar tana da 14, ƙaramin yana da 2, ga kuɗin jinya da aka yi ta biya. Abokan arziki sun so su shirya taron kiɗa don tara mata taimako, ta ce a'a, ta gwammace ta fita nema da hannunta.

Saboda haka, Dokta, ni ban yi mamakin ajiye alƙalami da ta yi ba, domin a wancan zamani tsara kiɗa ba ya biyan kuɗin haya, hawa dandamali kuwa yana biya a daren. Ta fara zuwa Ingila a 1856, tun mijin yana kwance, kuma sai da ta je har sau 19 a rayuwarta, tana kaɗawa cikin baƙaƙen kaya, sau da yawa tare da gwanin goge Joseph Joachim. Amma shi ma Malam Nasiru kada ya yi saurin tafa mata, domin akwai waɗanda suka biya kuɗin wannan ɗaukaka. Yaran rarraba su aka yi, wasu a makarantun kwana, wasu a hannun dangi da abokai. Ɗanta Ludwig an kai shi gidan masu taɓin hankali a Colditz a farkon shekarun 1870, a can ya ƙare rayuwarsa, kuma ba kasafai take zuwa duba shi ba. Emil ya rasu yana jariri a 1847, Julie a 1872, Felix a 1879, Ferdinand a 1891, kuma 'ya'yan Ferdinand ɗin ma a wuyanta suka dawo tana tsohuwa. Ba na ce ba ta son 'ya'yanta ba ne. Matar da a tarzomar Dresden ta watan Mayu na 1849, tana da cikin wata bakwai, ta koma cikin garin da ake harbe-harbe ta ɗauko yaranta uku da aka bari a baya, ba za a zarge ta da rashin zuciyar uwa ba. Amma uwa ɗaya ba ta iya zama a Landan da ɗakin yara a lokaci guda.

Auwalu:
Barkanku da muhawara. Tunda Mama Hajiya ta ambaci Bonn, garin da yawancinmu muka fara jin sunansa a rediyo, ni a nan nake karatu, kuma kabarin mata da mijin yana tsohuwar maƙabartar garin, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Na je na tsaya a gabansa, kuma ina ganin abin da ke wurin zai yi wa Anti Dokta daɗi fiye da Yaya Nasiru. Dogon farin dutse ne da aka sassaƙa. A can sama fuskar Robert ce ta gefe, a ɓangarorin biyu akwai siffar ƙananan yara, ɗaya yana riƙe da goge. A ƙasa kuma, wajen ƙafar dutsen, an sassaƙa mace da kamannin Clara, riƙe da kambun ganye da takardar kiɗa, ta ɗaga kai tana kallonsa. Babu fiyano ko ɗaya a jikin dutsen. An buɗe shi a 1880, tana raye, tana da shekara 60, kuma a lokacin babu makaɗiyar fiyano a Turai da ta kai ta suna. Gidan jinyar Endenich ma yana nan, yanzu ɗakin karatu ne na kiɗa, da ɗan wurin da aka ajiye kayan tunawa da su.

Sai dai daga baya Jamusawa sun juya abin. Takardar kuɗinsu ta mak 100, wadda ta yi aiki daga 1990 har zuwan kuɗin yuro a 2002, hotonta ne a gaba, a baya kuma babban fiyano da ginin makarantar Hoch. Wata dattijuwa makwabciyata ta ce mini ta san fuskar Clara sarai saboda shekarun da ta yi tana karɓar albashi da ita, amma ba ta taɓa jin kiɗan da ta tsara ba.

Sani:
Ni dai akwai abin da nake jira a taɓo ban ji ba. Ina labarin mai tsara kiɗa Johannes Brahms, saurayin da ya zo gidansu a 1853 yana da shekara 20, ya tare a Düsseldorf yana kula da gidan lokacin da maigida yake jinya, kuma har ya mutu bai yi aure ba? Ai da walakin.

Baba Ilu:
Sani, ɗana, zauren nan ba na tsegumi ba ne. Abin da aka tabbatar shi ne Brahms ya ƙaunace ta, wasiƙunsa na ƙuruciya sun nuna haka, ya taimaka da yara da lissafin gida a lokacin da take cikin tsanani, kuma sun yi zumunci na sama da shekara 40 har da saɓani irin na mutane. Yakan aika mata sabon kiɗansa ta duba kafin ya fitar, ita ce kuma ta fara kaɗa wasu daga ciki a bainar jama'a. Daga baya sun mayar wa juna wasiƙu, suka lalata da yawa da hannunsu, shi kuma ya rasu a 1897, ƙasa da shekara ɗaya bayanta. Abin da masu shi suka rufe, a bar kaza cikin gashinta. Dokta, fage naki ne.

Dokta Sa'adatu:
Na gode, Baba. Dutsen da Auwalu ya siffanta ya isa shaida kan inda zamaninta ya ajiye ta, amma ba da shi zan kafa hujja ba. Malam Nasiru ya ce tsara kiɗa wani ɓangare ne na shirin uban, wato kayan talla ne na makaɗiyar dandamali. Wannan zai iya zama gaskiya ga abin da ta rubuta tana yarinya, amma kiɗan mutum uku na 1846 ba na nuna saurin yatsu ba ne, kuma babu uban da ya sa ta. Ga hujjar da ta fi ƙarfi. A ƙarshen 1852 iyalin sun koma wani gida a Düsseldorf inda a karon farko ɗakin fiyanonta ya yi nesa da ɗakin aikin mijinta, yadda za ta iya kaɗawa ba tare da ta dame shi ba. Me ya biyo baya? A 1853, bayan shekarun da ta yi shiru, sai ga ta da sababbin ayyuka a jere, ciki har da gajerun kiɗa uku na goge da fiyano da ta sadaukar wa Joachim. Da aka ba ta ɗaki da lokaci, ta rubuta. Bayan 'yan watanni masifa ta auko, ɗakin da lokacin suka tafi tare.

Kuma ina so a tuna cewa tun a 1839 ta rubuta a littafinta cewa ta taɓa zaton tana da baiwar ƙirƙira amma ta cire wannan a ranta, domin bai kamata mace ta sa ran tsara kiɗa ba tunda babu wadda ta taɓa iyawa. Budurwa 'yar shekara 20 ba ta ƙago wannan magana da kanta ba, a bakin mutane ta ji ta. Shugaban makarantar Hoch, Joachim Raff, wanda ya ɗauke ta aiki, shi ne ya ce ban da ita babu macen da za ta koyar a makarantarsa, ita ɗin ma a matsayin namiji yake lissafa ta. A irin wannan duniya ne Malam yake cewa ta yi zaɓi.

Barista Kabiru:
Tunda an zo kan Raff, ya kamata a ji sharuɗɗan da ta gindaya masa kafin ta karɓi aikin tana da shekara 59, domin ni a sana'ata da takardar yarjejeniya ake gane wanda yake da ƙarfi. Ta ce ba za ta koyar fiye da awa ɗaya da rabi a rana ba, a gidanta za ta koyar ba a makaranta ba, za a ba ta hutun wata huɗu a shekara, kuma za a bar ta ta yi gajerun tafiye-tafiyen wasa a lokacin sanyi. Duk aka amince. Maganar Raff ta raini ce ga mata, babu shakka, amma a teburin ciniki shi ne ya sunkuya.

Zainabu:
Malam, ni abin da ya fi damuna shi ne koyarwar. Tunda babu faifan muryar fiyanonta, ta yaya aka san yadda take kaɗawa da abin da take koya wa ɗalibai? Malamina kullum faɗansa shi ne ina dukan madannai kamar mai jin haushinsu.

Malam Nasiru:
Bari in fara da Dokta. Hujjar 1853 tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Amma ɗakin da lokacin sun dawo. Daga farkon shekarun 1860 tana da gidanta na kanta a Lichtental kusa da Baden-Baden inda take hutun bazara, daga baya yara suka girma, a Frankfurt kuma ga sharuɗɗan da Barista ya lissafa. Duk da haka abin da ta ba lokacinta shi ne tattara ayyukan mijinta da tace su don kamfanin Breitkopf da Härtel ya buga, da koyarwa, da dandamali. A 1868 Brahms ya ba ta shawarar ta rage yawo ta zauna wuri ɗaya, ranta ya ɓaci, ta ba shi amsa cewa kaɗa fiyano a wurinta iskar da take shaƙa ce. Ko lokacin da ciwon hannu ya dakatar da ita sama da shekara ɗaya a tsakiyar shekarun 1870, da ta samu sauƙi dandamali ta koma.

Zainabu, gaskiya ne babu faifanta, amma ɗalibanta sun rayu har zamanin ɗaukar sauti, kuma sun bar bayani. Fanny Davies ta ɗauki kiɗan Robert a faifai a ƙarshen shekarun 1920, Adelina de Lara kuma a farkon shekarun 1950 tana tsohuwa, kuma ana samunsu a intanet. Abin da suka haɗu a kansa shi ne, yatsa ba ya dukan madanni daga sama, yana kwance a kansa ne ya danna shi, don sautin ya fito a cike kamar muryar mai rera waƙa, ko da a wurin da ake buƙatar ƙarfi. Ba ta yarda da gudu don burge mutane ba, ba ta yarda ɗalibi ya ƙara ko ya rage abin da ke takarda ba, kuma tana matsa wa ɗalibi ya ji muryoyin tsakiya, waɗanda hannu yake kaɗawa amma kunne yake mantawa da su. Malaminki yana kan hanya.

Ɗaliban sun zo mata daga Ingila da Amurka da sauran ƙasashen Turai, yawancinsu mata. Leonard Borwick da Fanny Davies sun yi suna a dandamalin Landan, Mathilde Verne ta buɗe makarantar fiyano a can. Carl Friedberg kuma ya koma New York ya koyar shekaru da yawa a makarantar koyon kiɗa da yanzu ake kira Juilliard, kuma a 1950 wata baƙar fata 'yar Amurka mai burin zama makaɗiyar fiyano ta yi karatu a hannunsa, wadda duniya ta sani daga baya a matsayin mawaƙiya Nina Simone. Wannan salsalar ita nake kira aikinta.

Dokta Sa'adatu:
Salsalar ba ta hana a yi asarar abin da ba a rubuta ba, Malam, kuma mutum yakan so sana'ar da aka bar masa har ya manta da wadda aka rufe masa ƙofarta. Ga mai son ya yi hukunci da kunnensa, Isata Kanneh-Mason, makaɗiyar fiyano 'yar Ingila wadda mahaifiyarta haifaffiyar Saliyo ce, ta fitar da faifai na kiɗan da Clara ta tsara a 2019, shekarar da aka cika 200 da haihuwarta, har da wancan na 1835. Wanda ya saurara ya dawo ya gaya mana ko kayan talla ya ji.

Hajiya Bilki:
Kun yi ta maganar awa ɗaya da rabi da hutun wata huɗu, amma ba ku faɗi wanda ya ɗauki ragowar aikin ba. Sababbin ɗalibai ba sa zuwa gaban Clara kai tsaye, sai sun bi ta hannun 'ya'yanta biyu, Marie da Eugenie, su ne suke gyara musu yatsu har su isa a gabatar da su. Eugenie dai daga baya ta tafi Ingila ta kafa kanta a matsayin malamar fiyano. Marie kuwa, babbar 'yar, tun tana budurwa take riƙe da gida da ƙanne, take raka uwar tafiye-tafiye, take kula da kayanta da wasiƙunta, ba ta yi aure ba, ba ta hau dandamali da sunanta ba, tana tare da ita har ranar da ta cika a 1896, lokacin ita Marie tana da shekara 54. Dokta, idan za ki sake rubuta jerin nan naki, ki duba ko akwai wuri ga Marie.